Neman Aiki Ta Hanyar Sanayya: Ina Iyakar Ceto, Ina Mafarin Zalunci?

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo tambaya ce da wani saurayi ya yi mini a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, nan Dakoro. Yaron ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi a fannin noma, shekara biyu ke nan yana zaune. Abokansa sun ba shi shawara ya buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na masu neman aiki da masu ɗauka, ya rubuta abin da ya iya, kuma ya aika saƙo ga wani ɗan garinmu da ke aiki a wata ƙungiya a Yamai. Ya ce mini: "Malam, in na yi haka ban yi yabon kai ba? In kuma ya sa mini baki aka ɗauke ni, ban ci haƙƙin wani ba?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin da yawa ba su tambaya sai bayan sun karɓi albashin farko.

Dattawanmu da suka yi lakkol a farkon mulkin kai ba su san wannan wahala ba, gwamnati ce ke jiran su fito. Ƙofar ta ƙuntata tun shekarun 1980 da 1990, lokacin tsuke bakin aljihun gwamnati. An kafa hukumar samar da aiki ta ANPE a 1996, aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, masu diplom suka yawaita, kujeru kuwa ba su yawaita kamarsu ba. To, wanda ya zauna jiran a kira shi zai daɗe.

Batun yabon kai ba shi da wuya sosai. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu (AS) da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan rumbunan ƙasa, ya kuma ambaci siffofi biyu nasa, tsarewa da sani. Malaman tafsiri, daga cikinsu Alƙurɗubi, sun fitar daga nan cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya a inda ba a san shi ba, in buƙata ta kama. Wani zai kawo hadisin Abu Zarri (RA) da ke cikin Sahihu Muslim, inda ya nemi muƙami Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Sai mu duba dalilin hanin: an gaya masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce. Ashe ba neman aka zarga ba, rashin dacewa aka duba. Balle kuma neman aikin lada, na malamin makaranta ko na likitan dabbobi, ba daidai yake da neman sarauta ba.

Sharaɗin dai gaskiya ne, kuma a nan salula take ruɗin yaranmu. Rubutu a kanta ba ya tsada, babu dattijon da ke kallon idonka ka ji kunya. Wanda ya yi horon sati uku sai ya rubuta wata shida. Wanda ya iya gaisuwa da Ingilishi sai ya rubuta ya ƙware. Hadisin Asma'u ƴar Abubakar (RA), a Buhari da Muslim, ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Kuma ƙaryar neman aiki ba ta ƙarewa ranar da aka yi ta. Duk ƙarshen wata tana dawowa cikin albashi, a sayi hatsi da ita, a ciyar da iyali.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Masu Faransanci a ƙasarmu suna da haruffa uku da suke faɗa cikin raha, PAC, ma'ana dangi da abokai da idon sani. Mu kuma muna cewa wane yana da uwa a gindin murhu. Saboda ɓarnar da wannan ta yi, wasu salihan matasa sun ɗauka duk sa baki haramun ne. Ni ban ga haka ba. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ce ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin, sanin da ta yi masa na yini guda ne a bakin rijiya. Amma ku lura da abin da ta faɗa a kansa: ƙarfi da amana, abubuwan da ta gani da idonta. Ba ta ce ɗan wane ne ba. Suratun Nisa'i, aya ta 85, ta raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, ta kuma sa wa mai ceto rabonsa a kowane.

Fahimtata ita ce, sa baki shaida ce, ba kyauta ba ce. Kyauta daga dukiyarka kake yin ta, ka ba wanda ka so. Kujerar aiki kuwa ba taka ba ce, ta majinyatan da za a yi wa allura ce, da ɗaliban da za a koya wa, da makiyayan Kwarin Tarka da za a duba wa dabbobi. Mu mutanen Dakoro mun san wannan a kasuwar dabbobi. Dillalin kirki shi ne wanda in ya ce saniyar ba ta sata ba ce, kuma lafiyarta lau, za ka biya ka koma gida ka yi barci. Ranar da ya rufe aibi don mai saniyar ƙanensa ne, ya sayar da abin da ya fi la'ada tsada. To, idan babban ma'aikaci ya ce: "Na san yaron nan, ya yi aiki a hannuna, ku kira shi ku gwada shi tare da saura," ya kai shi bakin ƙofa, ya sami lada. Idan kuwa ya sa aka goge sunan wanda ya ci kwankur aka rubuta na ɗan ƙanwarsa, ya tsallakar da shi katanga, kuma akwai wani ɗan talaka a Kornaka ko Sakabal da zai tsaya da su biyun ranar hisabi, ko da bai san sunansu ba a duniya.

Wani ɗalibina ya ba ni labarin wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, wanda a 1973 ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta wajen idon sani na nesa, ba ta wajen na jikinsa ba, domin na jikinka abin da ka sani shi suka sani. A 2022 aka wallafa wani bincike da aka yi kan mutum miliyan 20 a LinkedIn, ya ƙarfafa maganar. Abin bai ba ni mamaki ba, duk wanda ya yi fatauci zuwa Kano ya san darajar mai masauki. Amma akwai albishir a ciki ga marar gata: ba sai kana da kawu a minista ba. Tsohon malaminka, da wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, da wanda kuke haɗuwa a sahu, duk ƙofofi ne, kuma gaishe su da tambayarsu ba roƙo ba ne. Sai dai zumuncin da ba a tuna shi sai ranar buƙata, kowa yana gane warinsa.

Akwai wani zalunci da ba a cika ambata ba, shi ne ɓoye sanarwa. Ma'aikata ta fitar da takardar neman ma'aikata don kowa ya gani, sai wanda ta faɗo hannunsa ya tura ta zauren WhatsApp na danginsa kaɗai, ba zai sake ta ga jama'a ba sai saura kwana ɗaya a rufe, alhali ya san mai haɗa dosiye daga nan sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Maraɗi. Bai yi ƙarya ba, bai karɓi cin hanci ba, amma ya danne haƙƙi da shirunsa. A gefe guda kuma ga masu tura duk abin da suka gani ba bincike. Na san wata gwauruwa da ta sayar da tunkiyarta ta ba ɗanta jika 40 ya aika wa wata lamba, wai kuɗin buɗe dosiye ne na aikin wata ƙungiya. Tun ranar lambar ba ta sake shiga ba. Wanda ya tura masa sanarwar ɗan'uwansa ne, da kyakkyawar niyya, bai ɗauki minti biyar ya tambaya ba.

Shi kuwa saurayin nan, na ce masa ya buɗe shafin, ya rubuta abin da zai iya maimaitawa a gaban malaman da suka koya masa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Na ce ya aika wa mutumin Yamai saƙo, ya fara da sallama, ya faɗi sunan mahaifinsa don a gane shi, sannan ya roƙi abu biyu: ya sanar da shi in an buɗe ƙofa, kuma ya duba takardunsa ya gaya masa inda suka gaza. Sai ya ce: "In kuma ya ce zai gyara mini komai, ba sai na zauna jarrabawa ba fa?" Na ce masa ya yi godiya, ya ce ya fi so ya zauna.