Bangon da Ya Karkata da Rahoton da Ke Intanet

A biranen Amurka akwai manyan benaye na haɗaka, inda kowa ke da sashensa na kansa, amma harsashi da ginshiƙai da rufi na kowa da kowa ne. Mazauna kan zaɓi kwamiti daga cikinsu ya riƙa tara kuɗin gyara, ya kuma adana rahoton injiniya da rasit da bayanan taro. A da takardun nan a kabad ɗin ofis suke kwana, yanzu ana mayar da su kwamfuta ana ɗora su a intanet. Sauyin ya tayar da tsohuwar tambaya: idan gini ya faɗi ya kashe mutane, alhakin yana wuyan wa, kuma daga wane lokaci?

Fiƙihu ya daɗe da taɓo batun. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, ta ɗora wa mai ƙasan bene gyaran ƙasan, har ta ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Mukhtasar na Khalil kuma ya kawo mas'alar bangon da ya karkata: mai shi zai biya ɓarnar da ya yi idan an gargaɗe shi, kuma ya samu lokacin da zai iya gyarawa bai yi ba. Malamai sun so a yi gargaɗin gaban shaidu. Ke nan alhaki yana farawa ne daga ranar da sani ya isa ga mutum.

Benen Champlain Towers South da ke Surfside a jihar Fulorida ya nuna inda mas'alar ke wuya. An kammala shi a 1981, hawa 12, sassa 136. A 2018 wani injiniya ya rubuta cewa abin da ke hana ruwa ratsawa a ƙarƙashin daɓen wurin ninƙaya ya lalace, kankaren yana cinyewa, ginshiƙan wurin ajiye motoci sun tsattsage. An ƙiyasta gyaran a kan dala miliyan 9, aka shiga ja-in-ja kan kuɗi, yawancin 'yan kwamiti suka yi murabus a 2019, kuɗin ya kai miliyan 15. Daren 24 ga Yunin 2021 wani ɓangare ya rufta, mutum 98 suka mutu. Gargaɗi ya zo, a rubuce ma, sai dai masu bangon sun haura ɗari, wasu tsofaffi ne masu cin fansho, wasu kuma ba a garin suke zaune ba.

A lokacin dokar jihar ta wajabta ɗora takardu a intanet ga benaye masu sassa 150 zuwa sama ne kawai, don haka wannan benen bai shiga ba. A 2022 aka tilasta duba duk benen haɗaka mai hawa 3 ko fiye idan ya kai shekara 30, da ware kuɗin gyara, a 2024 kuma aka sauko da adadin sassan da ke wajabta ɗora takardu a intanet zuwa 25.

To, shin ɗora rahoto a intanet ya zama gargaɗi? Ta wani gefen ya zama. Kwamiti ba zai iya ɓoye shi ba, sabon kwamiti ba zai ce tsohon ya tafi da fayil ba, mai saye kuma yana iya nema ya karanta kafin ya biya. Uzurin “ban sani ba” ya yi rauni, domin wanda aka buɗe wa ƙofar sani ya ƙi shiga ba daidai yake da wanda aka rufe wa ba.

Amma gargaɗin da malamai suka sharɗanta magana ce da ake fuskantar mutum da ita, cikin harshen da yake fahimta. Rahoton injiniya da aka jefa tsakanin ɗaruruwan rasit bai cika wannan sharaɗi ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka nauyin kwamiti bai sauka da ɗora fayil ba, sai ya kira taro ya faɗi ƙarara cewa ginshiƙi kaza yana iya kashe mutum. Ɗaya sharaɗin kuwa, wato ikon gyarawa, shi ne kwamfuta ba ta taɓa ko kaɗan. Tsohuwar da aka ce ta kawo dubban daloli ta sani sarai, kuɗin ne babu, kuma abin da Risala ta bar mata shi ne ta sayar da sashenta ga wanda zai iya biya.