Lambar Yabo da Ikhlasi: Sunan Mace a Isnadin Tarihin Sakkwato

Daga cikin tambayoyin da ke tasowa duk lokacin da aka yi maganar karrama mata masana tarihi da lambar yabo, ko da tallafin bincike, wato kuɗin da wata cibiya ke ware wa mai nazari domin ya sami sararin kammala aikinsa, akwai wadda ta fi nauyi ga Musulmi, ita ce ko irin wannan karramawa tana jituwa da ikhlasi, wanda malamai suka fassara da tsarkake niyya ta yadda ba a nufin kowa da aiki sai Allah. Tambayar ba ta wasa ba ce a gari irin Sakkwato, inda aka gaji ganin ilimi a matsayin ibada, kuma ake jin nauyin hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya sanya malamin da ya yi karatu domin a kira shi malami a cikin mutanen farko da za a yi wa hukunci ranar alƙiyama. Imam Gazali ma ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din domin zargin son matsayi da riya, wadda ita ce yin aikin alheri domin idon mutane.

Sai dai wannan gargaɗi yana fuskantar zuciyar mai aikin ne, bai sauke wa al'umma nauyin shaidar abin da ta gani ba. A cikin Sahihu Muslim ɗin dai, an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ya aikata alheri sannan mutane suka yabe shi, sai ya ɗauki wannan yabo a matsayin bushara ta gaggawa ga mumini. Ke nan akwai bambanci tsakanin neman yabo da samun sa, kamar yadda akwai bambanci tsakanin abin da ya wajaba a kan malama, wato ta tsare niyyarta, da abin da ya wajaba a kan jama'arta, wato su faɗi gaskiya game da aikinta. Ɓarna tana shigowa ne idan aka haɗe waɗannan wajibai biyu, aka riƙa tuna wa mace ikhlasi duk lokacin da za a ambaci sunanta, alhali ba a tuna wa takwaranta namiji haka ranar da ake naɗa masa rawani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ga riya a wani wurin daban, domin a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke tara ɗalibai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma danganta halin nasu da son suna.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta kuma rasu a 1864, ita ce misalin da ya fi haskaka wannan al'amari, domin ko da yake an fi saninta da waƙa da wa'azi, babban ɓangare na aikinta rubutun tarihi ne. Ta ga hijirar Gudu a 1804 tana yarinya, ta rayu cikin shekarun yaƙi da kafuwar Sakkwato, sannan bayan rasuwar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ita da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima suka dukufa wajen adana labarin jama'ar Shehu, shi da zube cikin Larabci, ita da waƙa. Ta tsara tarihin jihadi a waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda aka mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye, ta kuma yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836. Tarihi ne da aka yi domin kunnen wanda ba ya karanta Larabci.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ita kanta mai karramawa ce, kuma ba ta ga saɓani tsakanin haka da tsoron Allah ba. A tsarin 'Yan Taru, wato ƙungiyar matan ƙauyuka da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta, kowane ayari yana da jagora da ake kira jaji, kuma Asma'u da hannunta take ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai, alamar da duk wanda ya gamu da ayarin a hanya zai gane cewa wannan dattijuwa tana ɗauke da izinin koyarwa. Haka nan marsiyoyinta, wato waƙoƙin alhinin mamaci, ba su tsaya ga Bello da Giɗaɗo ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, ta yi wa Hauwa'u wadda jaji ce. A waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka kuwa ta jero matan garinta masu ilimi a sahu ɗaya da irin su Rabi'atul Adawiyya. Ba don ta ambace su ba, da wuya a ce wani ya san sunayen waɗannan bayin Allah a yau.

A nan ne hujja mafi ƙarfi take. Ilimin tarihi a wurin Musulmi ya ginu ne a kan isnadi, wato jerin sunayen waɗanda labari ya biyo ta bakinsu, kuma malaman hadisi ba sa karɓar ruwayar majhuli, mutumin da ba a san ko wane ne ba. Saboda haka ɓoye sunan mai riwaya ba tawali'u ba ne, raunana labarin ne. Wannan ne ya sa Sakhawi, malamin Masar da ya rasu a 1497, ya keɓe juzu'in ƙarshe na littafinsa Addau'ul Lami'u ga tarihin mata. Lambar yabo ta gaskiya, wadda masana suka bayar bayan sun auna aiki, zuriyar wannan al'ada ce ta tantance maruwaita.

Tallafin bincike kuwa ya fi lambar yabo kusa da buƙata, domin abin da ya fi ƙaranci a hannun mace mai nazari shi ne lokaci. Mata masana tarihi a Amurka sun kafa ƙungiyar Berkshire a 1930 saboda an mayar da su saniyar ware a tarukan maza, kuma daga cikin kyaututtukan da wata ƙungiyarsu ta daban ta ƙirƙiro daga baya akwai ta Catherine Prelinger, wadda ake ba macen da karatunta bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Irin wannan ya dace da malamar Sakkwato wadda aure da reno suka katse wa digiri. Ayyukan Asma'u da kansu sun kai ga duniya ne saboda Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd taskar rubuce-rubucen gidansu, har ta fitar da tarihin rayuwar Asma'u a 1989, sannan ita da takwararta Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafakokin gidajen malamai, da waɗanda ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, suna buƙatar masu karatun da za su iya shiga cikin gida su zauna da tsofaffin mata, abin da namiji baƙo ba zai samu ba, kuma ɗalibai mata na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ne suka fi cancantar a ɗauki nauyinsu domin wannan aiki.