Dabbar Mutum Ɗaya, Tukunyar Kowa

Tambayarmu ta wannan Juma'a ta shafi duk mai cin abinci da dabba, daga makiyayi da dillali har mahauci da mai tsire. Idan hukuma ta ce kada a fitar da dabbobi daga wani gari saboda ana zargin sun sha gubar dalma, adalci ta yi ko zalunci? Dabba dai halaliyar mai ita ce. Ba sata ya yi ba, kuma ba shi ya zuba gubar ba. To da wane dalili za a hana shi kai ta kasuwa?

Mu fara tuna abin da dalma ta yi a Zamfara. A farkon 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka, ba wanda ya damu. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ashe dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinariya cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a tsakar gida, da kan hatsi, da kududdufan da dabbobi ke sha. Yara aƙalla 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Yargalma da Abare. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, dabbobi ma suka mutu.

Kada mu ce nesa ne. A nan Filato ana haƙar dalma a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase. Ko a Farin Gada, tsohon batirin mota da aka fasa aka yar a bayan gareji ya isa ya kashe saniyar da ta lashe shi, kuma duk mun san inda awakinmu ke yawo.

Wahalar dalma ita ce ba ta da wari, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tana taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, tana fita a nono. Saniyar da ta sha da yawa takan makance, ta riƙa cizon haƙora da dalalar da miyau. Wadda ta sha kaɗan kuwa ga ta nan ɓul-ɓul, dillali zai rantse lafiyarta ƙalau, kuma iya saninsa ya faɗa. Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin yaro da mai juna biyu, don dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, taɓin da ba ya gyaruwa. Shi ya sa a 1989, da aka gano dalma a abincin shanu da aka shigo da shi Ingila, gwamnatinsu ta hana ɗaruruwan gonaki fitar da shanu da madara har sai da aka auna.

Mai dabba yana da hujja, kuma mu saurare ta. Zai ce: “Tawa ba ta nuna komai ba, ga Sallah ta matso, ga bashi a wuyana, kullum sai na sayi dusa da harawa. Masu haƙa sun kwashe riba, ni aka bari da asara.” Gaskiya ya faɗa. Sai dai ikon mutum a kan dukiyarsa yana tsayawa ne a bakin tukunyar wani. Matar da ta sayi hanta ta gasa wa yaronta ba ta san garin da saniyar ta fito ba, amanar mahauci ta ci. In aka tsare dabba bisa kuskure, an yi asarar kuɗi, kuɗi kuwa ana mayarwa. In aka sake ta bisa kuskure, wa zai mayar wa yaro ƙwaƙwalwarsa?

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah (SAW) ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan jallala, wato dabbar da ke cin ƙazanta. Sun saɓa a kan hukuncin namanta, amma da yawansu sun ce a tsare ta a ba ta abinci mai tsabta tukuna. Ke nan tsare dabba don kare mai ci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu kuma gane cewa yanka da bisimilla yana halatta nama, amma ba ya fitar da guba. Al'adar nan ta a sa wa dabba wuƙa da sauri kafin ta mutu, a karya farashi a sayar, ba dabara ba ce. Ɓoye aibin haja ha'inci ne.

To amma adalcin hanin ba ya cika sai da sharaɗi. Wanda aka ce ya tsare garkensa, tukunyarmu yake gadi, don haka bai kamata ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Hukuma ta turo likitan dabbobi ya auna, ta faɗi iyakar wurin da ranar da za a sake dubawa, ta biya diyyar wadda aka hallaka. In ba haka ba, yunwa za ta sa a loda dabbobi a mota cikin dare, su wayi gari a 'Yan Shanu, doka ta zama takarda kawai.

Mu ma muna da namu kason, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na kasuwa su ware wani abu a asusu domin wanda irin wannan ya faɗa wa. Mai bin bashi ya ɗaga ƙafa. Mahauci ya tambayi asalin dabba kafin ya tambayi kuɗinta. Makanikai su killace tsofaffin batura. Wanda kuma ya fito ya ce dabbarsa ta kamu, kada a mayar da shi abin gori a kasuwa, a gode masa.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu. Amin.