Tsakanin Gero da Anza: Ina Matsayin Godiya?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, tsira da aminci su tabbata ga Shugaba (SAW).

Idan kaka ta yi a ƙasar Gure, kasuwa kan cika da gero da wake, ga magarya da aduwa da goriba daga daji. Nan zuciya kan zame: ta ɗauki gero sakamakon guminta, 'ya'yan daji kuma tsintuwa. Alhali Wanda ya shayar da magarya ba da noman kowa ba, Shi ya shayar da gona.

Anza ta fi su wa'azi. Ɗaci gare ta, sai ta kwana da kwanaki a jiƙe, ana sake mata ruwa, sannan ta ciwu. Ana raina ta ranar ƙoshi, amma a yunwar 2005 ita ta riƙe gidaje da yawa a jihar Damagaram. Wanda godiyarsa ta tsaya ga zaƙi, kyauta ya gani, bai ga Mai kyauta ba.

Godiyar muridi aiki ce: ya fitar da zakkar hatsinsa, kada ya karya wa mai tallar magarya farashi, kada ya sare aduwar da ke ciyar da wanda ba shi da gona.

Allah Ya sa mu cikin masu godiya.