Aro Ko Sata: Ina Iyakar Mai Koyo?

'Yan uwa marubuta, wata tambaya ce wani yaro ya yi mini ta hana ni sakat, na ga ya kyautu in kawo ta wannan fili, domin duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami da niyyar rubuta waƙa ko labari, to da shi ake.

Yaron ɗan yayata ne, yana aiki a wata masana'antar jimar fatu a Challawa, yana kwana a Panshekara. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi tsohuwar jita, sai ya kamu da son wani irin kiɗa da ya ji a wayarsa, wanda samarin Kalifoniya ta Amurka masu hawa igiyar teku a kan allo suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1960. Ran nan ya zo ya kaɗa mini abin da ya tsara. Da ya gama sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, duk abin da na haɗa sai in ji kamar na wani ne. Anya ba sata nake yi ba?"

Kafin in ba shi amsa sai da na bi tarihin kiɗan nasa, na kuwa tarar amsar tana ciki.

Wanda ake kira sarkin wannan kiɗa shi ne Dick Dale, ya rasu a 2019. Mahaifinsa asalinsa Kwara ne, wato ɗan Labanan, irin mutanen da muka saba gani da masana'antu a Bompai da Sharada. Kiɗan da ya fi fito da shi, "Misirlou" na 1962, ba shi ya ƙaga shi ba. Tsohon kari ne na mutanen gabashin Bahar Rum, da Girkawa da Larabawa da Turkawa duk suna kaɗa shi, an ma ɗauke shi a faifai tun 1927. Dale ya ji shi a wurin danginsa yana yaro, ya ɗora shi a kan jitar lantarki, ya ƙara masa sauri da amo har ya zama wani abu dabam.

Shekara guda bayan haka, a 1963, ƙungiyar Beach Boys ta fitar da "Surfin' U.S.A." Karin waƙar kuwa na "Sweet Little Sixteen" ne, wadda Chuck Berry, baƙar fata, ya yi a 1958. Kalmomi kawai aka sauya, aka buga faifan ba sunansa. Sai da masu kula da haƙƙinsa suka tayar da ƙayar baya sannan aka mayar masa da abinsa.

To, ga mutum biyu, kowa ya ɗauki abin da ya tarar. Me ya sa ake yaba wa ɗaya, ɗayan kuwa ake zarginsa?

A ganina abin da mai koyo yake ɗauka iri uku ne. Na farko shi ne tsari. Yawancin kiɗan nan an gina shi ne a kan wani ƙwarangwal mai gaɓa 12 da kamun tsirkiya uku, wanda baƙaƙen Amurka suka daɗe suna amfani da shi. Wannan ba na kowa ba ne, kamar yadda gindin waƙa da ɗiyanta, da jagora da 'yan amshi, ba mallakar Narambaɗa ko Shata ba ne. Wanda ya rubuta waƙa 'yar ƙwar biyar mai amsa-amo bai ɗauki kayan Aƙilu Aliyu ba. Tsari rijiyar gari ce, kowa da gugansa.

Na biyu shi ne kayan gado, irin karin da ba a san wanda ya fara shi ba, kamar waƙoƙin gaɗa da na daɓe. Shi ma halal ne, amma da sharaɗi: kada ka ce kai ka haife shi.

Na uku shi ne abin da wani sananne ya yi gumi ya samar. Nan ne amana take shigowa. Magabatanmu ba su hana ɗauka ba, ladabi suka sa mata. Dubi tahamisi: mutum ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara uku nasa, su zama biyar. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa "Tabban Haƙiƙa", ba wanda ya kira shi ɓarawo, domin kowa ya san ta Shehu Usmanu ce, shi ma bai ɓoye ba. Ashe ba ɗauka ce take mayar da aro sata ba, ɓoyewa ce.

Na san wani zai ce, ai Abubakar Imam ya ɗebo labaran *Magana Jari Ce* daga na Larabawa da Turawa da Indiyawa, ba wanda ya rage masa daraja. Gaskiya ne, amma a duba abu biyu. Akasarin abin da ya ɗebo tatsuniyoyin al'ummu ne, wato kayan gado. Sa'annan ya jeme su da Hausa har suka daina warin baƙunta. Shin haka muke yi in mun kalli fim ɗin Indiya da daddare, muka wayi gari mun mayar da shi littafi, ko muka cire kalmomin waƙarsu muka zuba namu, muka kai kasuwa ba ko "an ciro daga"? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 1988 da ta 2022 da ta maye gurbinta, tana da abin cewa a nan. Amma ni ba kotu nake jiye mana ba. Ranar da mai karatu ya gano asalin abin, ba littafin kaɗai zai jefar ba, har da sunan marubucin.

Saboda haka na ce wa yaron, "Ka kwaikwaya iyakar iyawarka. Ba a koyon jima sai an tsaya bayan majemi an ga yadda yake riƙe wuƙa. Abin da ka kaɗa a ɗakinka darasi ne. Amma ranar da za ka fitar wa jama'a, ka ware naka da na mutane, ka faɗi sunan mai shi."

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Mutum yana iya faɗin gaskiya tsaf, amma ya kasance ba shi da komai nasa. Dale ya ce ƙarar igiyar ruwa yake son jitarsa ta yi, domin shi ya hau ta, ya ji yadda take. Ɗan yayata bai taɓa ganin teku ba. Na tambaye shi, "Kai wace ƙara ka sani?" Ya yi shiru can, ya ce ƙarar gangar da ake juya fatu a cikinta, da jiniyar canjin aiki, da kukan Kogin Challawa in damina ta yi nisa. Na ce, "To, su ne tekunka."

Jiya na ji shi a bayan gida yana ta fama. Ƙwarangwal ɗin na Amurkawa ne, yatsun kuma har yanzu suna tuntuɓe. Amma akwai wani bugu a ƙasa mai juyawa yana dawowa, wanda ban taɓa ji a faifan kowa ba.