Koyar da Ibada ta Hanyar Wasa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasan zongo, mu ne ke taya malamai karantar da ƙannenmu a makarantun Nima da Aboabo. Yaro zai haddace farillan alwala tsaf, amma in an miƙa masa buta sai ya rikice. Bulala kuwa kora shi take yi zuwa filin ƙwallo.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla a kan mumbari, yana saukowa ya yi sujada, domin jama'a su gani su koya. Ashe koyarwa a aikace Sunna ce.

Don haka mu samo akwatin katako, mu lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Yara su kewaye shi sau 7 yana hagunsu, su koyi ɗawafi. Duwatsu biyu su zama Safa da Marwa. Mu kasa su gida biyu su yi gasar alwala, kowane gida yana gyara kuskuren ɗaya.

Amma mu sanar da su cewa gwaji ne, ba Hajji ba, kuma babu izgili da addini.

Allah Ya ba zuriyarmu ilimi mai amfani. Amin.