Laimar Kwaɗi a Kan Allon Wasa

 Ya kai mai karatu, ka sani laimar kwaɗi da ke ɓullowa bayan ruwan sama 'ya ce kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, farin zare ce da bai kai gashi kauri ba, tana ratsa ruɓaɓɓen itace neman abinci. A dajin Malheur da ke jihar Oregon ta Amurka akwai wata guda, ana ce mata Armillaria, da ta mamaye fili fiye da hekta 900. Ba ƙafa, ba ido, amma ta ci ƙasa. Tsarki ya tabbata ga Mahaliccinta.

Wanda ya yi nufin ƙaga wasan allo a kan wannan halitta, sai ya ajiye tunanin dara tamu, inda ɗa ke tashi daga wannan gida ya koma wancan. Zaren ba ya ƙaura, tsawo yake ƙarawa. Ya fi kusa da wasan Go na Sin, mai mahaɗa 361, ko Hex da Piet Hein ya fitar a Danmak a 1942: ka ajiye ɗa, ya zauna nan. Ni a ganina doka uku ta wadatar. Kowane ɗa sabo ya jingina da ɗan'uwansa. A warwatsa wasu gidaje a matsayin abinci. Reshen da aka yanke daga abinci ya mutu, a kwashe shi.

Amma zuciyar wasan tana wurin haɗuwa. Na taɓa fasa wani gungume da ya kwana biyu a damina, sai na tarar da baƙaƙen layuka sirara a cikinsa, kamar an zana da alƙalami da tawada. Iyakoki ne: inda masu zare biyu suka yi karo, kowane ya gina katanga. Farfesa Lynne Boddy ta Jami'ar Cardiff ta daɗe tana nazarin wannan yaƙi, wanda wani lokaci ɗaya ke cinye ɗaya, wani lokaci kuma su yi kunnen doki, kowa ya tsaya a gonarsa. Wannan kunnen dokin shi nake so allo ya nuna. In rassa biyu masu ƙarfi ɗaya suka haɗu, a sa baƙin dutse a tsakani, ba mai ƙetare shi har a tashi. Sai mai wasa ya riƙa auna: in rufe iyaka yanzu in tsira da kaɗan, ko in bar ta buɗe in nemi ƙari?

Kada a sa ƙuri'a ko jifan sa'a, don malamai sun tsananta a kan irin wannan, kuma caca haramun ce ba saɓani. Wasan ma in ya shagaltar da salla ya ɓaci. Saura batun adalci, domin mai farawa yana da rinjaye, kamar yadda John Nash ya tabbatar a Hex. Maganin shi ne rabon da yara ke yi wa rake: ɗaya ya karya, ɗaya ya zaɓa. Na fari ya ajiye ɗansa, na biyu ya duba. In wurin ya yi masa, ya karɓe shi su musanya launi.